Amai da gudawa mai tsanani: aikin da muke yi daga ƙofar ɗaki har ƙoda ta dawo hayyacinta

Da zarar damina ta kankama, ruwan sama ya fara kwashe ƙazantar masai yana zubawa a rijiyoyi, ɗakunan da aka keɓe wa masu amai da gudawa sai su cika. A 2021 kaɗai NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Najeriya, fiye da 3,000 daga cikinsu suka rasu, kuma jihohin Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A irin waɗannan ɗakuna 'yan jinya tambaya ɗaya suke ta maimaita mana, gudawar ta tsaya? Mu ma'aikatan lafiya kuwa abin da muke jira daban ne, muna jiran majinyaci ya yi fitsari. Hanji ne ke zubar da ruwan, amma ƙoda ce ke shan wahalar, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tsallake daren farko sannan suka rasu bayan kwanaki, ƙodarsu ce ta tsaya.

Bari mu ɗauki irin majinyacin da muke yawan karɓa: magidanci mai nauyin kilo 60, yana da hawan jini, gudawa ta fara masa da tsakar dare, an kawo shi da hantsi a kwance.

Gadon da muke kwantar da shi a kai an huda tsakiyarsa, an shimfiɗa leda, bokiti mai shaidar lita yana ƙasa, wani bokitin yana gefen kansa saboda amai. Dubawar farko ba ta cin minti biyu. Idanu sun zurma, murya ta dishe har sai an sunkuya ake jin abin da yake faɗi, fatar yatsu ta yamutse. Mukan tsunkuli fatar ciki mu saki, idan ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba, bushewar ta yi tsanani. A wuyan hannu bugun jini ya zama siriri, wani lokaci ba a jin sa sam. Tsokar ƙwauri tana ɗaurewa yana nishi. Sai kuma numfashi mai zurfi da sauri, wanda sabon ma'aikaci kan ɗauka ciwon huhu ne. Huhun lafiyarsa ƙalau, jini ne ya yi tsami, jiki ke ƙoƙarin fitar da tsamin ta numfashi. Abin da ke cikin bokiti kuma ba ya kama da kashi: farin ruwa ne tsululu mai 'yan ɗigo-ɗigo, kamar ruwan da aka wanke shinkafa, da ɗan ƙarni.

Wanda bai san lissafin ruwan ciki ba zai yi mamakin yadda ƙato zai bushe cikin awa takwas. A kullum ruwan da ke ratsa hanjin babban mutum ya kai lita 8 zuwa 9, alhali abin da ya sha da wanda ke cikin abinci bai fi lita 2 ba. Sauran jiki ne ke zubawa don narka abinci: yawu kamar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ruwan tumbi wajen lita 2, sai ruwan madaciya, da na fankiriyas, da wanda bangon hanji ke tsattsafowa. Ƙaramin hanji ya tsotse mafi yawa, babban hanji ya ƙarasa, abin da ke fita da bayan gida bai wuce mililita 100 zuwa 200 ba. Ƙwayar kwalara ba ta huda hanji, ba ta shiga jini, shi ya sa ba kasafai ake ganin zazzaɓi ko jini a kashi ba. Tana lafewa a bangon ƙaramin hanji ta saki dafi, dafin ya shiga ƙwayoyin bangon ya buɗe ƙofar da sinadarin kulorayid ke fita ta cikinta, ya bar ta a buɗe. Kulorayid ya kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su biyun. Babban hanji ba zai iya tsotse wannan ambaliya ba. A lokacin da abin ya fi ƙamari babban mutum na iya zubar da lita guda a awa ɗaya. Kuma ba ruwa zalla ke fita ba. Kowace lita ta gudawar babba tana ɗauke da sodiyam kusan daidai da na jini, da fotasiyam ninki uku ko huɗu na abin da ke cikin jini, da bayikabonet mai yawa, wanda shi ne ke hana jini yin tsami. Rashinsa ne ya jawo wancan numfashin.

Don haka ba a tsayawa jiran sakamakon gwaji. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga mai bushewa mai tsanani ita ce mililita 100 ga kowane kilo, ta jijiya. Ga majinyacinmu lita 6 ke nan, leda 12 ta rabin lita. Mililita 30 ga kowane kilo, wato lita 1.8, dole su shiga cikin minti 30 na farko, sauran lita 4.2 kuma cikin awa biyu da rabi. Idan aka fasa lissafin, a zangon farko leda ɗaya tana ƙarewa duk minti takwas, a zango na biyu duk minti goma sha takwas. Wannan gudu ya wuce a ƙirga ɗigo. Ana buɗe maƙullin igiyar gaba ɗaya, a rataye ledar sama sosai, in ta kama wani ya riƙa matsa ta da hannu. A nan ne aka fi yin kuskure: a sa ƙaramar kanula shuɗiya, wato robar allurar da ake bari a jijiya, a bayan hannu, a saita ɗigo talatin a minti, a tafi. Da wannan saurin leda ɗaya sai ta haura awa biyar, majinyaci kuwa yana zubar da ninkin haka a awa guda. Mu kanula koriya ko ruwan toka muke sawa a gwiwar hannu, sau da yawa hannu biyu a lokaci ɗaya. Jijiya ta ɓace, mu nemi ta gefen wuya. Yaro ƙarami da aka rasa jijiyarsa ana sa allura ta musamman a ƙashin ƙwauri. Idan duk babu hali, a zura roba ta hanci zuwa ciki a riƙa ɗura ruwan gishiri da sukari, mililita 20 ga kowane kilo a awa, kafin a kai shi inda za a samu jijiya.

Jaririn da bai cika shekara ba adadinsa ɗaya ne amma a hankali: kashin farko cikin awa ɗaya, na biyu cikin awa biyar. Yaro mai tamowa kuwa wannan lissafi bai shafe shi ba ko kaɗan. Zuciyarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar ruwa mai gudu, ga shi fatarsa da idanunsa suna nuna alamar bushewa ko da bai bushe ba, don haka ta baki ake lallaɓa shi sai in ya suma.

Irin ruwan da aka rataya ma magana ce. Ruwan Ringer muke so, domin kowace lita, a ma'aunin milimol, tana da sodiyam 130, fotasiyam 4, da sinadarin laktet 28 wanda hanta ke juyawa zuwa bayikabonet, ta haka ya gyara tsamin jini. Nomal salin, wato ruwan gishiri zalla, yana cika jijiya, in shi kaɗai ke akwai ba ma jira, amma ba shi da fotasiyam kuma ba ya rage tsami. Wanda ba ya da amfani a nan shi ne ruwan sukari zalla, wanda 'yan jinya kan sayo da kansu wai don ya ba da ƙarfi. Jiki na ƙone sukarin, ruwan ya watse cikin tsoka, kaɗan ne ke zama a jijiya, ya kuma tsinka ɗan gishirin da ya rage a jini.

Ruwa na shiga, ɗayanmu yana gefe da mai jinya. "Hajiya, waɗanne magunguna yake sha kullum? Tun da abin ya fara, me aka ba shi? Ku miƙo ledar mu gani." Ba ma yarda da a ce maganin hawan jini ne kawai, sai mun karanta kwalin. Abin da ke fitowa daga ledar kusan iri ɗaya ne: lisinopril ko losartan, da Moduretic, ga mai ciwon suga metformin, sai diclofenac da aka sayo a kemis saboda ɗaurewar ƙafa, da Flagyl, wani lokaci har an yi masa allurar gentamicin a gida.

Don a gane dalilin da ya sa muke kwashe waɗannan, sai an leƙa cikin ƙoda. Kowace ƙoda tana da matatai ƙanana kusan miliyan ɗaya. Ko da yake ƙodojin biyu ba su kai rabin kilo ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugawa ta cikinsu yake bi. A yini suna tace lita 180, su mayar da kusan duka, abin da ke zama fitsari lita ɗaya da rabi ne. Kowace matata tana da ƙaramar jijiyar da ke kawo jini da wadda ke fitar da shi, kuma tacewa ba ta yiwuwa sai da matsi a tsakaninsu. Idan jini ya ragu, ƙoda tana da dabara biyu na riƙe wannan matsi. Sinadarin furostagilandin yana buɗe jijiyar shiga don jini ya ƙaru, sinadarin anjiyotensin kuma yana tsuke jijiyar fita don jinin ya daɗe a ciki. A lokaci guda ƙwaƙwalwa da ƙullin da ke saman ƙoda suna aiko da saƙon a riƙe ruwa da gishiri, shi ya sa fitsarin mai bushewa ke zama ɗan kaɗan, ja, mai wari. Wannan ƙoda lafiyayya ce tana kare kanta.

Diclofenac da ibuprofen da danginsu suna kashe furostagilandin, sai jijiyar shiga ta tsuke. Lisinopril da losartan suna kashe aikin anjiyotensin, sai jijiyar fita ta saki. Maganin sa fitsari irin Moduretic kuma yana ƙara zubar da ruwan da babu shi. Mutumin da ya haɗa ukun yana gudawa, an rufe wa matatarsa mashiga, an buɗe mafita, an kuma rage abin da ke zuwa. Moduretic na da ƙarin illa, domin ɗaya daga cikin sinadaransa biyu yana hana fotasiyam fita. Metformin ƙoda ce ke fitar da shi, in ta tsaya sai ya taru ya ƙara wa jini tsami. Gentamicin kuwa kai tsaye yake cutar da bututun matata, kuma a jikin da ya bushe illarsa ta fi saurin bayyana. Duk muna dakatar da su nan take. Ɗaurewar ƙafar da ta sa aka sayi diclofenac, rashin ruwa da gishiri ne ya kawo ta, tana sakewa da kanta kafin leda ta huɗu ta ƙare. Idan ana buƙatar maganin ciwo, paracetamol ya isa.

Duk minti goma sha biyar zuwa talatin muna komawa wuyan hannu. Idan bayan kashin farko bugun jini bai dawo da ƙarfi ba, a sake ba da wani mililita 30 ga kowane kilo. Canjin da ake gani yana da ban mamaki ko ga wanda ya saba: mutumin da aka shigo da shi ba ya amsa sunansa, bayan awa ɗaya ya buɗe ido yana neman ruwan sha. Yaron da ya ci gaba da suma bayan bugun jininsa ya dawo, ko ya fara jijjiga, sukarin jininsa muke fara zargi, mu ba shi ruwan sukari mai kashi 10 cikin ɗari, mililita 5 ga kowane kilo. Muna kuma sa ido kan akasin bushewa. Fatar ido ta kumbura, tari ya taso, numfashi ya ƙara sauri bayan da ya lafa, to ruwa ya fara taruwa a huhu, a rage gudu a ɗaga kan gado. Tsofaffi da masu ciwon zuciya da jarirai ne suka fi faɗawa wannan. Mai juna biyu kuwa ba a rage mata ruwa don tsoron kumburi, domin bushewar uwa ce ke kashe ɗan da ke ciki.

Da zarar ya iya haɗiya, ko ƙarin ruwa bai ƙare ba, muke fara ba shi ruwan gishiri da sukari, kamar mililita 5 ga kowane kilo a awa. 'Yan jinya sukan ga abin kamar wasa: hanjin da ke zubar da lita a awa, ta yaya zai tsotsi abin da aka sha? Amsar tana cikin wata ƙofa ta daban a bangon ƙaramin hanji, wadda ke shigar da sodiyam biyu tare da gulukos ɗaya, ba ta kuma aiki sai sun zo tare. Dafin kwalara bai taɓa wannan ƙofar ba. Sodiyam da gulukos suka shiga, ruwa ya bi su. Robert Crane ne ya bayyana wannan haɗin a 1960. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis ya rasa isasshen ruwan jijiya a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ya sa 'yan uwan majinyata su riƙa ba su haɗin gishiri da sukari da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Ƙullin gishiri da sukarin da ake amfani da shi yanzu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi a 2002, nauyinsa giram 20.5: gishiri 2.6, gulukos 13.5, fotasiyam kulorayid 1.5, sitiret 2.9. Ana zuba shi duka a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, wato ledar fiyawata biyu masu rabin lita, amma a karanta jikin ƙullin domin akwai waɗanda aka yi don ƙaramin awo. Abin da ya kwana ɗaya a zubar a haɗa sabo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a juye ƙulli guda a kofi ɗaya don ya yi ƙarfi. Ruwa mai kauri haka yana janyo ruwa daga jini zuwa hanji, gudawa ta ƙaru, gishirin jinin yaro ya hau har ya kai ga jijjiga. Lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi matsalarsu ke nan, sukari ya yi yawa gishiri babu. Inda ba a samu ƙulli ba, cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya zai riƙe mutum a hanya, sai dai ba shi da fotasiyam. Idan majinyaci ya yi amai, mu dakata minti goma mu ci gaba da cokali-cokali. Aman kwalara yawanci tsamin jini ne ke tayar da shi, yana kwantawa idan ruwa ya shiga, don haka ba ma gaggawar allurar amai. Promethazine na sa barci ya hana sha, metoclopramide kuma kan sandarar da wuyan yara.

Akwai dalili na biyu na gaggauta ruwan baki. Ringer fotasiyam 4 gare shi a lita, ruwan ƙulli kuwa 20. Sa'ad da jini ke da tsami, fotasiyam yana fitowa daga tsoka ya zauna a jini, gwaji ya nuna kamar ba matsala. Ana gyara tsamin sai ya koma cikin tsoka, na jini ya faɗi warwas. Washegari a ga ciki ya kumbura ba motsi, ƙafafu sun yi laushi, bugun zuciya ya rikice. Wanda aka bari kwana biyu a kan ƙarin ruwa kaɗai ba ya shan komai shi ne ke faɗawa wannan. Da ya iya ci muke ba shi abinci, kunu, ayaba, abin da ya samu. Mai shan nono ba a cire shi daga nono.

Bayan lita shidan farko aiki bai ƙare ba, domin gudawa na ci gaba. Duk awa huɗu muna karanta bokiti mu rubuta, abin da ya fita a mayar da shi, ta baki in zai yiwu. Maganin kashe ƙwayar cuta sai amai ya lafa: doxycycline miligiram 300 sau ɗaya tak ga babba, ko azithromycin giram ɗaya, yara kuma a auna da nauyinsu. Yana rage yawan gudawa da kwanakinta da kusan rabi, amma ba shi ke ceton rai ba, kuma doxycycline na da kyau a nan saboda ba ya dogara da ƙoda wajen fita, saɓanin tsohon tetracycline. Flagyl da kowa ke fara sha ba ya taɓa ƙwayar kwalara, sai dai ya ƙara tashin zuciya. Imodium yana tsayar da motsin hanji ne, ruwan ya ci gaba da taruwa a ciki ba a gani, mu rasa awonmu. Yara ba a ba su shi ko kaɗan. Abin da ake ba yara shi ne zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba.

Kowane zagaye tambayar ba ta canzawa. "Baba, kun yi fitsari?" Mukan ba shi gora ta daban don kada ya haɗu da abin da ke bokiti. Yawanci fitsari na dawowa cikin awa shida zuwa takwas da fara ƙarin ruwa. Mafi ƙarancin abin da muke so shi ne rabin mililita ga kowane kilo a awa, ga majinyacinmu mililita 30 ke nan. Na farko kan zo ja, ɗan kaɗan, na biyu ya fi haske. Wanda ke fitsari duk awa uku ko huɗu, hankalinmu ya kwanta a kansa.

Idan awa takwas ta wuce shiru, akwai tsarin da muke bi. Mu fara taɓa mara, domin dattijo mai kumburin ƙullin mafitsara na iya tara fitsari ya kasa fitarwa, robar fitsari ta warware wannan nan take. Mafitsara ba komai, mu sake duba ko har yanzu a bushe yake: harshe, bugun jini, awon jini, lissafin abin da ya shiga da wanda ya fita. Sau da yawa a nan ake gano an ba da lita shida amma ya zubar da wasu huɗu ba a mayar ba. In haka ne a ƙara ruwa. Amma idan jiki ya cika, awon jini ya daidaita, jijiyar wuya ta fito, fitsari kuwa babu, to ƙodar ta ji rauni. Bututun da ke bin bayan kowace matata shi ne ke aikin mayar da gishiri da ruwa, aiki mai cin iskar oksijin sosai, alhali sashen ƙoda na ciki ko da lafiya da ƙyar yake samun isasshiya. Jini ya daɗe bai zo ba, ƙwayoyin bututun su mutu su zube su toshe hanya. A gwajin jini za a ga kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, yana hawa. Hawan miligiram 0.3 a desilita cikin kwana biyu, ko ya ninka sau ɗaya da rabi a kan yadda yake a da, ya isa a ce ƙoda ta samu rauni.

A wannan gaɓa ake yin kuskure iri biyu masu kishiyantar juna. Na farko a ci gaba da ɗura ruwa ana fatan fitsari zai zo, har huhu ya cika. Na biyu a ɗauko Lasix, maganin sa fitsari, tun jiki na bushe. Lasix yana hana wani lanƙwasasshen sashe na bututun mayar da gishiri ne kawai, ba ya rayar da ƙwayar da ta mutu, ba ya gaggauta warkewa. Ga wanda ya bushe, ɗan fitsarin da zai matso ƙarin asara ne. Wurinsa ɗaya ne, mutumin da ruwa ya yi wa yawa kuma ƙodarsa na iya amsawa.

Daga nan lissafi ya juya. Ruwan da za a ba shi a yini shi ne abin da ya fitar jiya ta fitsari da gudawa da amai, a ƙara kamar rabin lita. Fotasiyam da muke tsoron ƙarancinsa jiya, yau yawansa ne abin tsoro, domin ƙoda ce hanyar fitarsa. Ayaba, lemu, tumatir, dabino da ruwan kwakwa duk a dakatar, ruwan ƙulli ma sai da awo da gwaji. Idan fotasiyam ɗin jini ya kai milimol 6.5 a lita, ko awon zuciya ya nuna canji, ana ba da calcium gluconate ta jijiya don kare zuciya, sai insulin ma'auni 10 tare da giram 25 na gulukos don tura fotasiyam cikin tsoka, da salbutamol ta shaƙa. Duk waɗannan sa'o'i kaɗan suke saya, ba sa fitar da shi daga jiki, kuma bayan insulin dole a riƙa auna sukari don kada ya faɗi. Fotasiyam ya ƙi sauka, ko huhu ya cika, ko tsamin jini ya ƙi gyaruwa, ko majinyaci ya fara ruɗewa da shaƙuwa da aman da ba na kwalara ba, sai wankin ƙoda. Ba ma jiran a kai nan kafin mu fara maganar tura shi babban asibiti, domin neman kuɗi da mota da gado yana cin kwana.

Kalmar wankin ƙoda tana tsorata iyali, suna ɗauka har abada ke nan. Wannan rauni ya bambanta da ciwon ƙoda na shekaru. Bututun na sake tsiro, yawanci cikin mako ɗaya zuwa uku, kuma da yawa wanki 'yan kaɗan ne ke tsallakar da su. Sa'ad da ƙoda ta fara farfaɗowa fitsari kan ɓarke, lita uku, huɗu ko fiye a yini, saboda matata ta dawo aiki amma sabon bututu bai iya riƙe ruwa ba tukuna. Iyali na murna, mu kuwa muna auna gora, domin a wannan zango mutum na iya sake bushewa, fotasiyam ya sake faɗuwa.

Don kada cutar ta yaɗu, kashi da amai ana zuba musu ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari kafin a zubar, ƙasa da gado da tufafi 0.2, hannu 0.05.

Wanda ƙodarsa ba ta taɓu ba muna sallamarsa idan yana sha da kansa, yana ci, yana fitsari, gudawa ta ja baya. Mu ba shi ƙulli na kwana biyu, mu sa mai jinya ta haɗa ɗaya a gabanmu. Ledar magungunan da muka karɓe muna mayar mata da bayani. Lisinopril da Moduretic da metformin ba a komawa kansu sai ya yi kwana ɗaya ko biyu yana ci yana sha kamar da, an kuma auna jininsa, wanda ƙodarsa ta ji rauni kuwa sai gwajin kiriyatinin ya nuna ta dawo. Duk ranar da amai ko gudawa ta sake kama shi, ya ajiye su har ya warke. Diclofenac mukan ce ya rabu da shi. Wanda ya yi raunin ƙoda muna rubuta masa ya dawo bayan wata uku a gwada jini da fitsari, ko da yana jin garau, domin wasu ƙodojin ba sa komawa daidai yadda suke, kuma ragowar raunin ba ya ciwo sai gwaji ne ke nuna shi.